Me Ya Sa gRPC Ke Ƙin Satifiket Ɗin da Burauza Ta Karɓa?

Duk wanda ya gina manhajar da ke tattara bayanai daga ƙauyuka tana aika wa saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, a birni ta hanyar gRPC ya san saƙon nan: `UNAVAILABLE`, lamba 14. Shi ake gani idan kira bai isa inda aka aike shi ba, kuma ba ya bambanta dalili. Ko saba ce ta mutu, ko data ce ta ƙare, ko satifiket ne, wato takardar shaidar sabar, aka ƙi, lambar ɗaya ce. A ƙananan asibitocin da ke tsakanin Ringim da Taura, ko can wajen Gwaram, inda sabis kan zo ya ɗauke, amsa tana bakin kowa. Ma'aikaciyar da ke shigar da bayanan awo za ta kira ta ce, "Malam, netwok ne ya hana," a bar abin sai gobe. Sau da dama kuwa netwok lafiyarsa ƙalau. Na'urorin biyu sun haɗu, sun fara musabaha, ɗaya ta duba takardar shaidar ɗayar ba ta gamsu ba, ta katse layin.

Google ne ya fito da gRPC a 2015. Hanya ce da manhaja a wata na'ura za ta sa wata na'urar ta yi mata aiki ta dawo da sakamako, kamar duk a kwamfuta ɗaya suke. Yana dunƙule saƙo da Protocol Buffers, saƙon ya fita ƙarami, shi ya sa ya dace da inda data ke da tsada. A kan HTTP/2, wata ƙa'idar aika saƙo ta intanet, yake tafiya, kuma wanda ke ɓoye abin da ke cikin saƙon shi ne TLS. Kafin harafi ɗaya na bayanan mara lafiya ya wuce, saba za ta miƙa satifiket ɗinta, manhajar da ke kira ta duba lokacinsa, da wanda ya sa masa hannu, da sunan da ke jikinsa. Tambayoyin ba su da yawa, kowacce kuma tana da saƙon kuskurenta. Abin da ke wahalar da mutane shi ne ba sa kaiwa ga ganin wannan saƙon.

Saboda haka aikin farko shi ne fito da shi fili. Ajiye manhajarka gefe, ka kira sabar da `grpcurl`, ƙaramar manhajar gwaji da kamfanin FullStory ya rubuta da harshen Go, don ita kan faɗi dalili ɓaro-ɓaro. In da Python ko C++ kake aiki, sa `GRPC_VERBOSITY=DEBUG` kafin ka kunna manhajar. In Go ne, `GRPC_GO_LOG_SEVERITY_LEVEL=info` tare da `GRPC_GO_LOG_VERBOSITY_LEVEL=99`. Bayan haka akwai umarnin da nake ganin ya kamata kowane mai wannan sana'a ya haddace, domin yana cire gRPC daga tsakani gaba ɗaya ya nuna maka abin da sabar ke miƙowa da idonka:

`openssl s_client -connect sunan-saba:443 -servername sunan-saba -alpn h2 -showcerts`

Wani lokaci tun a nan maganar ke ƙarewa, don sai ka tarar babu TLS ma a ƙofar. Misalan koyon gRPC galibi suna buɗe ƙofa mai lamba 50051 ba tare da ɓoye saƙo ba, mutum ya kwafa, ya manta, sannan ya kira ta da TLS. Go zai ce `first record does not look like a TLS handshake`, OpenSSL kuma ya ce `wrong version number`. Wannan saƙon na biyu kan ruɗi mutane su shiga sauya zubin TLS daga 1.3 zuwa 1.2, alhali sabar magana take a buɗe. Ko a kunna TLS a sabar, ko a gwada da `-plaintext` in a cikin kwamfutarka kaɗai kake. Babu abin daɗewa a nan.

Inda za a daɗe shi ne agogo, kuma a nan ne yanayinmu ya bambanta da na waɗanda suka rubuta yawancin bayanan da ke intanet. Su na'urorinsu ba sa rabuwa da wuta da intanet, don haka ba su cika kawo maganar agogo ba sai a ƙarshe. Mu a farko ya kamata mu sa ta. Kowane satifiket yana ɗauke da ranaku biyu, ranar da ya fara aiki da ranar da zai daina, kuma manhajar da ke kira da agogon na'urarta take auna su. In agogon ya kauce, satifiket mai lafiya zai zama ko ya mutu ko bai riga ya fara ba.

Ka duba irin na'urorin da ke ɗakin ajiye bayanai na asibitin ƙauye. Tsohuwar kwamfutar tebur ta hannu, wadda ɗan batirin CR2032 da ke riƙe mata lokaci ya daɗe da mutuwa. Duk sanda batirin sola ya sauka cikin dare ta mutu, da safe sai ta tashi da shekarar da aka ƙera ta. Ko Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, wanda kafin samfuri na 5 da ya fito a 2023 ba ya zuwa da agogon da ke ci gaba da tafiya in an kashe shi. Dangane da yadda aka tsara shi, ko ya tashi a 1 ga Janairun 1970, ko ya ci gaba daga lokacin da wuta ta ɗauke. Gyaran agogo ta intanet da NTP yake, shi kuma yana buƙatar sabis a daidai lokacin da na'urar ta tashi. In manhajar aika bayanai ta riga shi farawa, kiranta na farko zai faɗi, in kuma ba a rubuta ta yadda za ta sake gwadawa ba, shi ke nan sai wani ya zo. Saƙon Go a nan yana da kirki, don yakan faɗi lokacin da na'urar ke gani: `certificate has expired or is not yet valid`, sannan ya rubuta `current time` da kwanan wata. Karanta wannan kwanan watan kafin ka taɓa komai a saba.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan ɓoyuwa. Waya ko tabulet da aka sayo ta hannu kan zo da yankin lokacin wata ƙasa. Mai ita ya ga agogo bai yi daidai ba, sai ya juya shi da hannu ya dace da na bango. A fuska komai daidai, amma satifiket da lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, ake rubuta shi, Najeriya kuma tana gaban UTC da awa ɗaya, don haka a ciki na'urar ta kauce da awanni. Yawancin kwanaki ba za a ga komai ba. Ranar da aka sabunta satifiket ne na'urar za ta ce bai fara aiki ba tukuna, washegari kuma ta warke da kanta, kowa ya ƙara gamsuwa cewa netwok ne. Maganin shi ne a saita yankin a kan Africa/Lagos a bar lokaci ya riƙa daidaita kansa. Ga Raspberry Pi kuwa, ɗan ƙaramin agogo mai batiri irin DS3231 ya fi arha a kan kuɗin mai na zuwa ƙauyen sau ɗaya daga Dutse.

In agogo daidai ne, sai a koma kan wanda ya sa hannu. Nan ne tambayar da ta fi ɗaure kai take: na buɗe adireshin a burauza, ga kwaɗo ya nuna, me ya sa gRPC ke cewa `certificate signed by unknown authority`?

Wanda ya taɓa neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ya san tsarin. Mai unguwa ya san ka, ya sa hannu. Dagaci bai san ka ba, amma ya san hannun mai unguwa. Hakimi ya san hannun dagaci. Ma'aikacin sakatariya hatimin hakimi kaɗai ya sani. In ka kai masa takardar mai unguwa ita kaɗai, ba ƙarya ka yi ba, amma ba shi da hanyar da zai bi daga wannan hannu zuwa hatimin da ya sani. Satifiket ma haka yake. Na sabarka, satifiket na tsakiya ne ya sa masa hannu. Na tsakiya kuma, na tushe ne ya sa masa. Na'urar da ke kira na tushe kaɗai take ajiye da su. Nauyin sabar ne ta miƙa nata tare da na tsakiya.

Burauza tana rufa wa saba asiri a nan. Chrome kan bi adireshin da ke rubuce a cikin satifiket ya ɗauko na tsakiyan da kansa, Firefox kuma yana zuwa da tarin sanannun na tsakiya a ajiye. Yawancin manhajojin gRPC ba sa yin wannan, abin da aka miƙa musu shi suke dubawa. Don haka kwaɗon burauza ba hujja ba ce. In da manhajar Certbot ka karɓi satifiket na Let's Encrypt, wata ƙungiya mai ba da satifiket, za ka ga fayil biyu masu kama da juna, `cert.pem` da `fullchain.pem`. Na farko na sabarka ne shi kaɗai, na biyu ya haɗa da na tsakiya. Na biyun ake ba saba. A sakamakon `openssl s_client`, ƙirga satifiket nawa aka miƙo. In ɗaya ne tak kuma ƙasa ta nuna `unable to verify the first certificate`, ka gano ta.

Wani lokacin kuma sabar ta miƙa komai daidai, na'urar ce ba ta san tushen ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye saboda tsofaffin na'urorin Android da har yanzu ke aiki a hannun ma'aikatan lafiya da malaman gona. Tushen Let's Encrypt, ISRG Root X1, ya shiga Android ne daga zubi na 7.1.1. Shekara da shekaru na'urorin da suka girmi wannan suna samun shiga ta hanyar wani tsohon tushe, DST Root CA X3, wanda wa'adinsa ya ƙare a 30 ga Satumban 2021. Let's Encrypt ta yi dabarar da ta ƙara wa tsofaffin Android shekara uku, ita ma ta ƙare a Satumban 2024. Tabulet mai Android 6 ko 7.0 a yau ba za ta yarda da sabar da ke riƙe da satifiket ɗin Let's Encrypt ba, sai in an saka tushen a cikin manhajar kanta. In ka gwada a sabuwar wayarka komai ya tafi daidai, ba ka gwada abin da ke hannun ma'aikaciyar ba.

Ga saba ta cikin gida, wadda ke zaune a asibitin ba ta da suna a intanet, galibi mutum kan ƙirƙiri tushensa ya sa wa kansa hannu. Babu laifi a haka, hasali ma shi ne daidai. Sai dai dole kowace manhaja mai kira ta san wannan tushen, kuma sanya shi a cikin Windows ko Ubuntu bai isa ba. Java tana da kundinta mai suna `cacerts`, Node yana zuwa da nasa jerin, gRPC na Python ma da nasa `roots.pem` yake tafe. Android kuwa tun zubi na 7.0 a 2016 manhajoji ba sa yarda da tushen da mai waya ya saka da hannu, sai in wanda ya rubuta manhajar ya ba da izini a tsarin tsaronta. Hanya mafi sauƙi ita ce a nuna wa manhajar fayil ɗin tushen kai tsaye: `-cacert` a `grpcurl`, ko a miƙa shi ga `ssl_channel_credentials` a Python.

A daidai wannan gaɓar ce mutum kan gaji ya rubuta `-insecure`, ko `InsecureSkipVerify: true` a Go, kira ya wuce nan take. A matsayin gwaji na minti ɗaya yana da amfani, domin ya tabbatar maka cewa hanya a buɗe take, matsalar ta tantance satifiket ce. Bayan wannan minti ɗin ba ni da uzurin da zan ba shi. Saƙon zai ci gaba da tafiya a ɓoye, amma manhajar ta daina tambayar wa take ɓoye wa; duk wanda ya shiga tsakani ya miƙa kowane irin satifiket za ta karɓa ta buɗe masa komai. Kuma layin da aka saka don gwaji ba kasafai ake komawa a cire shi ba, musamman in na'urorin sun riga sun watsu a ƙauyuka ashirin. Abin da ke bi ta wannan layi sunayen mata ne masu juna biyu, da sakamakon gwajin jininsu, da lambobin wayar mazajensu. Matar da ta zo awo ba ta san TLS ba, amana ta ba asibitin, kuma wannan tantancewar tana cikin abin da ke riƙe da amanar.

Sai suna. Satifiket na iya zama mai rai, sa hannunsa ingantacce, amma an rubuta shi ne don wani suna daban da wanda ka kira. Da can ana rubuta sunan saba a wani gurbi na satifiket da ake kira CN, wato Common Name. An daina dogaro da wannan gurbi: Chrome ya bar shi a 2017, Go kuma daga zubi na 1.15 a 2020 yake ƙin irin wannan satifiket da saƙon `certificate relies on legacy Common Name field`. Tsofaffin darussan da ke yawo a intanet har yanzu CN suke koyarwa, shi ya sa sababbin masu koyo ke ta faɗawa. Gurbin da ake dubawa yanzu shi ne SAN, wato jerin sunayen da aka yi satifiket ɗin dominsu, kuma za ka ga abin da ke cikinsa da `openssl x509 -in saba.pem -noout -ext subjectAltName`. Akwai tarko a nan da ya kamata a sani: ko ka saka SAN a takardar neman satifiket, umarnin `openssl x509 -req` ba ya kwafo shi zuwa satifiket ɗin da ya fito sai ka umarce shi. Saboda haka satifiket ɗin da ya fito za ka duba, ba takardar nema ba.

A cikin asibiti ko ofishin ƙungiyar manoma, galibi da lamba ake kiran saba, irin 192.168.1.10. Lamba ba suna ba ce a wurin TLS. Dole a shigar da ita a SAN a matsayin `IP:`, in ba haka ba sai ka ga `doesn't contain any IP SANs`. Kuma in rauta ce ke raba lambobin da kanta, ranar da wuta ta ɗauke ta dawo sabar na iya tashi da wata lambar, satifiket ya tashi daga aiki. Gara a kafe wa sabar lamba ɗaya, ko a ba ta suna. Kira da lamba yana da wata illar: manhajar ba ta aika sunan da take nema a farkon musabaha, don haka in Nginx, manhajar da ake ajiyewa a gaban saba, na riƙe da shafuka da yawa, satifiket ɗin wanda ya ɗauka a matsayin na farko zai miƙo. Don gwaji, `-authority` a `grpcurl` na ba ka damar kiran lamba kana neman suna. Satifiket mai tauraro kuma, irin `*.misali.ng`, mataki ɗaya kaɗai yake rufewa. Ya ɗauki `api.misali.ng` amma ban da `gwaji.api.misali.ng`.

In saƙon ya ce satifiket ɗin na wani suna ne da ba ka taɓa ji ba, dakata kafin ka zargi sabarka. Wataƙila ba ita ce ta amsa ba. Wasu na'urorin MiFi da rautoci, in data ta ƙare ko layi ya yanke, kan karkatar da kira zuwa shafinsu na sanarwa. Riga-kafin kwamfuta ma akwai masu shiga tsakani su miƙa nasu satifiket. Layin `issuer` a sakamakon `openssl` zai gaya maka wa ya amsa.

Saura ALPN, wanda ba satifiket ba ne amma kuskurensa a wuri ɗaya yake fitowa. A cikin musabaha mai kira kan faɗi yaren da yake so, gRPC kuma `h2` yake buƙata, wato HTTP/2. Burauza in ba ta samu ba sai ta koma HTTP/1.1 ba tare da ta faɗa ba, gRPC ba shi da wurin komawa. Nemi layin `ALPN protocol: h2` a sakamakon umarnin da ke sama. In `No ALPN negotiated` ka gani, to abin da ke gaban sabar ne ba a kunna masa HTTP/2 ba. Nginx ya fara ɗaukar gRPC da `grpc_pass` a zubi na 1.13.10 a 2018, kuma sai an kunna masa `http2`. Waɗanda suka sabunta gRPC na Go zuwa zubi na 1.67 a 2024 sun ga kiran da ke aiki jiya ya tsaya da `missing selected ALPN property`, saboda daga nan aka fara tilasta abin da a da ake kau da kai a kansa.

In tsarinka yana neman kowace tabulet ita ma ta nuna nata satifiket, duk tambayoyin nan sai a sake yin su ta ɗaya ɓangaren, da agogon sabar da kundin tushenta. Abin lura a TLS 1.3, wanda ya fito a 2018, shi ne mai kira kan ɗauka musabaha ta kammala kafin sabar ta yanke hukunci a kan satifiket ɗinsa. Haɗuwa za ta yi kamar ta yi, sai a kiran farko layin ya katse da `certificate required` ko `bad certificate`, wani lokaci ma ba bayani. Dalilin yana rubuce a rajistar sabar, can za a nema.

Akwai kuma sauyin da ya shafi duk wanda ke da na'urori a nesa. Let's Encrypt ta fara aikinta a 2015 da satifiket mai wa'adin kwana 90, kuma a 2025 ta daina aika wasiƙar tunatarwa in wa'adi ya kusa. A Afrilun 2025 ɗin dai, CA/Browser Forum, majalisar masu ba da satifiket da masu burauza, ta amince a riƙa rage mafi tsawon wa'adin satifiket na jama'a daga kwana 398: zuwa 200 a Maris na 2026, 100 a 2027, sannan 47 a 2029. Duk manhajar da aka dasa wa satifiket ɗin sabar kansa a cikinta za ta riƙa tsayawa duk sanda aka sabunta, kuma gyaranta na nufin bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ruwa kan yanke hanyarsu a damina a yankin Haɗeja da Auyo. Tushe ake dasawa a na'ura, shi da ke shekaru masu yawa, a bar na sabar ya riƙa sabunta kansa, sannan a tabbata sabar tana sake ɗaukar sabon fayil ɗin bayan kowace sabuntawa, don yawancin sabar gRPC sau ɗaya suke karanta satifiket, lokacin da aka kunna su.